"Zo Ka Sa Hannu a Nan": Gwajin Trovan na Kano da Tambayar da Ba a Yi wa Majinyaci

Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwansa a asibiti ya san wannan takarda. Tana zuwa ne a lokacin da hankali ya riga ya tashi, a hannun nas mai sauri, da biro ɗaure da zare. "Ina mijinta? Zo ka sa hannu a nan." In mutum ba ya rubutu, a kama babban yatsansa a dangwala a tawada. Na taɓa tsayawa a irin wannan baranda da tsakar dare, ranar da haihuwa ta zo wa ƙanwata da gardama aka ce sai an yi mata aiki. Mijinta ya karɓi takardar, Turanci ce daga sama har ƙasa, ya juya bayanta, ya dube ni, na dube shi. Ni da nake iya karantawa ma ban karanta ba, don muna jiyo nishinta daga ciki. Ya sa hannu. Ita kuwa da za a shiga da ita ɗakin tiyata, idonta biyu, tana cikin hayyacinta, ba wanda ya ce mata uffan.

An yi aikin lafiya, uwa da ɗa suka fito, likitan kuma har gobe ina yi masa addu'a. Amma takardar nan ta tsaya mini a rai, domin a ƙa'idar aikin likita ita ce shaidar abu mafi girma da ke tsakanin likita da majinyaci: cewa an yi wa mutum bayanin abin da ke damunsa, da abin da za a yi masa, da haɗarin da ke ciki, da wata hanyar in akwai, sannan ya yarda da bakinsa ba tare da tilas ba. Mu kuma mun mai da ita kamar rasit. Kuma idan akwai garin da bai kamata ya yi wasa da wannan batu ba a duk faɗin duniya, Kano ce, saboda abin da ya faru a Asibitin Zana, wato asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a 1996.

A farkon waccan shekara, da zafi ya fara shigowa, sanƙarau ya ɓarke a Arewa irin wanda ba a taɓa gani ba. Mutum sama da 100,000 suka kamu a Najeriya, sama da 11,000 suka rasu, yawancinsu yara. Ga ƙyanda, ga amai da gudawa, duk a lokaci guda. Zamanin mulkin soja ne na Janar Sani Abacha, asibitoci babu magani. Asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano ya cika ya batse, ana kwantar da yara a kan tabarmi. Ƙungiyar likitocin agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, ta riga ta sauka a wurin tana ba da magani kyauta, allurar kuloramfenikol, wadda aka daɗe ana amfani da ita a irin wannan annoba a Afirka.

A cikin wannan hali ne ayarin likitocin kamfanin Pfizer ya iso daga Amurka da wani sabon maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna Trovan. Ba a kai ga yi masa rajista ba tukuna ko a can Amurka. Kamfanin yana son hujjar cewa maganin na aiki a kan sanƙarau na yara, kuma a Amurka ba za a taɓa samun yara masu sanƙarau da yawa haka a wuri ɗaya ba. Aka zaɓi yara kusan 200. Rabinsu aka ba su Trovan, da yawa ta baki. Ɗaya rabin aka yi musu allurar seftiriyazon, magani mai kyau da aka sani, sai dai bayan allurar farko an rage adadinsa zuwa kusan kashi ɗaya bisa uku na abin da aka saba bayarwa. Bayan kamar mako biyu ayarin ya tattara ya tafi, annoba kuwa tana ci. Yara 11 suka rasu a cikin gwajin, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗaya ɓangaren. Wasu suka tashi da kurumta, ko makanta, ko shanyewar jiki, ko taɓuwar ƙwaƙwalwa.

A nan ne yawancin masu ba da labarin suke zamewa, har da masu kishi. Za ka ji ana cewa maganin ne ya kashe yaran, magana ta ƙare. Kamfanin kuwa wannan filin yake so a tsaya, domin a nan yake da abin faɗa. Amsarsa tun farko ita ce: sanƙarau da kansa yana kisa, yana kurumtarwa, yana nakasarwa, kuma kashi 94 cikin 100 na yaran da aka ba Trovan sun rayu, adadin da ya fi na sauran masu jinya a wannan annoba. Ya ce rage allurar an yi ne don rage wa yara zafi, kuma abin da aka bayar ya wadatar. Wanda ya ce zai tabbatar da cewa wane yaro magani ne ya kashe shi, wane kuma ciwo ne, ya ɗauko Dala ba gammo. To amma ko da a ce ba yaro ko ɗaya da ya rasu, tambayar tana nan daram: shin iyayen sun san gwaji ake yi da 'ya'yansu? Sun san cewa a harabar asibitin nan akwai masu ba da sanannen magani kyauta, wanda za su iya zaɓa? Iyayen da suka kai ƙara sun ce ba a gaya musu ba. Kamfanin ya ce ma'aikatan jinya 'yan gari sun yi musu bayani da Hausa, sun yarda da baki. Takardar amincewa mai sa hannun iyayen dai ba a kawo ba.

Ni a ganina ko an yi wannan bayani da Hausa, da sauran rina a kaba, kuma duk mai jin Hausa zai gane dalili. Kalmar "gwaji" a bakinmu abu biyu take nufi. In likita ya ce "za mu yi masa gwaji", abin da uba yake ji shi ne za a ɗebi jini ko fitsari a kai ɗakin awo a gano ciwon. Wannan alheri ne, har godiya zai yi. Ba zai zo masa a rai ba cewa ana nufin maganin ne ba a tabbatar da shi ba, ɗansa ne zakaran gwajin dafi. "Bincike" ma haka take, ita ma sunan abin da ake yi wa kowane maras lafiya ne. Sannan a gaya mini yadda za a fassara wa uwa, da ɗanta a cinya wuyansa ya sandare yana suma, cewa maganin da za a ba shi ba likita ne zai zaɓa gwargwadon halinsa ba, ƙuri'a ce za ta raba. Ana iya fassarawa, amma sai an zauna, an maimaita, an tambaye ta ta faɗi abin da ta fahimta da bakinta. Wannan aikin minti goma sha biyar ne ko fiye ga kowane yaro, a wurin da ake layi da yara a kafaɗa. Kuma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Shi ya sa ƙa'idojin bincike suke cewa annoba da talauci da rashin karatu dalilai ne na ƙara tsanantawa wajen neman yarda. Masu gaggawa kuma su suke ɗauka a matsayin uzurin sassautawa.

Waɗannan ƙa'idoji ba sababbi ba ne a 1996. Bayan shari'ar likitocin Nazi a Nurembag, a 1947 aka fitar da ƙa'idoji goma na gwaji a kan ɗan Adam, ta farkonsu kuwa ita ce yardar mutum da son ransa wajibi ce. A 1964 Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar da Sanarwar Helsinki, daga baya aka ƙara mata sharaɗin cewa kwamiti mai zaman kansa ya duba kowane bincike kafin a fara. Akwai kuma wani abu da ƙa'idojin suka nanata: wanda yake binciken likita ne kafin ya zama mai bincike, lafiyar yaron da ke gabansa ta fi sakamakon da yake nema. Jaridar Washington Post, wadda ta tono maganar a Disamba 2000, ta kawo labarin wata yarinya 'yar shekara goma da aka rubuta a takardun gwajin da lamba 6587-0069. An ba ta Trovan, jikinta ya ci gaba da tsananta, ba a sauya mata magani ba, bayan kwana uku ta rasu. Ba wanda zai rantse cewa da an sauya za ta rayu. Amma a gwajin da ake yi bisa ƙa'ida, akwai matakin da in majinyaci ya kai, sai a fitar da shi daga gwajin a ba shi abin da aka san yana aiki.

Sai kuma ɓangaren da ba mu cika son tattaunawa ba, wanda ya shafe mu mu 'yan gida. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Baƙo ba ya shiga asibitin gwamnati ya ware ɗaki ya fara ba yara magani sai da wanda ya buɗe masa ƙofa. An sami izinin shigo da maganin daga hukumomi, an sami likitocin gida da suka yi aiki da ayarin, ɗayansu ma sunansa aka sa a matsayin jagoran binciken. Da hukumar magunguna ta Amurka ta zo duba takardu, sai aka gabatar da wasiƙa mai kwanan watan Maris 1996, wai daga kwamitin ɗa'a na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tana cewa an amince da gwajin. Shugaban asibitin ya fito ya ce a wancan lokacin ba su da irin wannan kwamiti ma. Daga baya ta bayyana cewa an rubuta wasiƙar ne bayan an gama komai, aka mai da kwanan wata baya. A gefe guda kuma akwai Farfesa Idris Mohammed, wanda gwamnatin tarayya ta ɗora wa jagorancin yaƙi da annobar, wanda ya nemi a nuna masa takardun izini, ya kuma nemi a dakatar da gwajin. A cikin kamfanin ma an sami wani likitan yara, Juan Walterspiel, da ya rubuta wa shugabanninsa gargaɗi, daga baya aka sallame shi, ko da yake kamfanin ya ce ba wannan ne dalili ba.

Wato a asibiti ɗaya, a wata ɗaya, a ƙarƙashin soja ɗaya, wani likita ya ce a'a, wani ya ba da sunansa. Ban kawo wannan don in jefi kowa ba. Likitan da ke aiki ba magani, ba safar hannu, yara na mutuwa a gabansa, sai ga baƙi da kaya da kuɗi da alƙawarin sa sunansa a mujallar kimiyya, jarrabawar da ke gabansa ba ƙarama ba ce. Abin da nake nufi shi ne ƙasar da ta bar tsaron majinyatanta a kan ƙarfin zuciyar likita ɗaya ta yi caca. Amfanin kwamiti da doka shi ne su ɗauke wa mutum ɗaya wannan nauyi, ya iya cewa "ba ni da ikon yarda, sai kwamiti ya zauna."

Shi Trovan kansa bai yi nisan kwana ba. Amurka ta amince da shi ga manya a ƙarshen 1997, ba ta taɓa amincewa da shi ga yara ba. A 1999, bayan rahotannin lalacewar hanta da mace-mace, aka taƙaita amfani da shi ƙwarai a Amurka, Turai kuma ta dakatar da shi.

Shari'a ta ɗauki shekaru. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin bincike a 2001 ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi, kwamitin ya kammala cewa gwajin haramtacce ne na maganin da ba shi da rajista, amma rahoton ya kwanta a durowa har sai da ya ɓulla a jaridar Amurka a 2006. Wannan ma abin lura ne: shekara biyar gwamnatinmu tana riƙe da amsar da iyayen yaran suke nema. Iyalai sun shigar da ƙara a New York a 2001, aka yi ta kora ana dawowa, har a Janairu 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa gwajin magani a kan mutum ba da yardarsa ba saɓa wa dokar ƙasa da ƙasa ne da za a iya saurara a kotun Amurka. Ɗaliban shari'a a duniya suna karanta wannan hukunci da sunan wata Bakanuwa cikin iyayen da suka kai ƙara, Rabi Abdullahi. Gwamnatin Kano ta shigar da tata ƙarar a 2007, a 2009 aka yi sulhu a kan dala miliyan 75: miliyan 35 domin waɗanda aka yi gwajin da su, miliyan 30 domin ayyukan lafiya a jihar, miliyan 10 kuɗin shari'a. Kamfanin bai amsa laifi ba. Da aka zo rabo, mutum sama da 500 suka fito alhali yaran 200 ne, sai aka ce sai an yi gwajin DNA, wani sabon rikici ya tashi. Sai a Agusta 2011, shekara 15 bayan abin, iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne.

Amma asarar da ta fi girma ba ta shiga lissafin sulhu ba. A 2003, Kano da wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin shan inna bisa zargin cewa an gurɓata ɗigon da abin hana haihuwa. Dalilan wannan ƙauracewa suna da yawa: yaƙin Iraƙi da yadda ake kallon Amurka a lokacin, tsohon zargi a kan shirin ƙayyade iyali, da tambayar da talaka yake yi mai ma'ana, wai me ya sa ake bin sa gida-gida da ɗigo kyauta alhali in zazzaɓi ya kama ɗansa sai ya sayi ko farasitamol. Amma Trovan shi ne hujjar da ba a iya musawa. In ma'aikacin lafiya ya ce Turawa ba za su cuci 'ya'yanmu ba, sai a ce masa, "A Asibitin Zana fa?" Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Kano ba ta koma rigakafin ba sai a Yuli 2004, bayan an kawo ɗigo daga Indonesiya. Kafin nan cutar ta sake bazuwa, ta tsallaka Nijar da Chadi da Sudan, ta kai har Yaman da Indonesiyar kanta. Yaran da suka shanye a waɗannan shekaru ba su cikin 200 ɗin nan, ba kuma wanda ya biya su diyya. A Fabrairu 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. Sai a Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, kuma wannan nasara sai da sarakuna da malamai da masu unguwanni suka sa baki shekara da shekaru kafin a dawo da amanar da aka zubar a mako biyu. Ko da rigakafin korona ya zo a 2021, da yake Pfizer na cikin masu haɗa shi, sunan kamfanin kaɗai ya ishi wasu a Kano su juya baya.

Ta fuskar doka an sami gyara, ba laifi a faɗa. An kafa kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, NHREC, aka fitar da kundin ƙa'idojinsa a 2007. Yanzu manyan asibitocin koyarwa suna da kwamitocinsu masu rajista, gwajin magani kuma sai da izinin NAFDAC. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba wannan tsari ƙarfin doka, ta wajabta rubutacciyar yarda kafin a yi bincike a kan mutum, ta iyaye in yaro ne. Irin abin da ya faru a 1996 zai yi wuya ya maimaitu a fili haka. Rigakafin sanƙarau ma ya ci gaba: allurar MenAfriVac da aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ta iso Najeriya a 2011, ta kusan kawar da nau'in da ya yi ɓarnar 1996, kuma a 2024 Najeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar. Duk waɗannan sai da aka gwada su a jikin mutane a Afirka ta Yamma kafin a yarda da su. Saboda haka masu cewa a hana gwaji kwata-kwata a ƙasarmu ba su taimake mu ba. Maganin da ba a gwada a kanmu ba, ba mu san yadda zai yi mana ba.

Inda gyaran bai kai ba shi ne barandar da na fara da ita. Gwajin magani abu ne na jefi-jefi, amma tiyata da ƙarin jini da cire mahaifa da yanke ƙafar mai ciwon suga, kullum ne. Dokar 2014 ɗin nan, a sashe na 23, ta ce wajibi ne ma'aikacin lafiya ya sanar da majinyaci halin da yake ciki, da hanyoyin magani da ake da su, da amfani da haɗari da kuɗin kowace, da haƙƙinsa na ƙin yarda. Ta ƙara da cewa a yi masa bayanin, gwargwadon iko, da harshen da yake ji kuma daidai da matsayin karatunsa. A 2018 gwamnati ta ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majinyata. Tun 2001 ma Kotun Ƙoli, a shari'ar Dakta Okonkwo da kotun ladabtar da likitoci, ta tabbatar da cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani ko da ƙin zai kai shi ga mutuwa. Maganar ta taso ne a kan wata majinyaciya mai bin Shaidun Jehobah da ta ƙi ƙarin jini, likitan ya mutunta ra'ayinta, kotu ta wanke shi. A takarda, ke nan, majinyacin Najeriya sarki ne a kan jikinsa.

A ɗakin kwanciya kuwa labari ya sha bamban, kuma laifin ba na ɓangare ɗaya ba ne. Mu kanmu mun taso da ganin tambayar likita rashin kunya ce. Dattijo zai zauna a gaban yaron da bai kai ɗan autansa ba, ya ce, "Likita, duk abin da ka gani shi ne daidai, mu namu addu'a." In aka sallame shi ka tambaye shi me aka ce yana damunsa, sai ya ce, "Sun dai rubuta magani." Akwai kuma al'adarmu ta ɓoye wa maras lafiya mummunan labari. 'Ya'ya su tare likita a bakin ƙofa: "Don Allah kada ka gaya wa Baba daji ne, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba." Niyyar kirki ce, kuma likita mai hikima ba zai banka ƙofa ya faɗa ba tare da lallashi ba. Amma Baban nan yana da bashi da yake son biya, da wasiyya, da wanda yake son ya nemi gafararsa. Akwai hanyar tsakiya da ƙwararru suke bi: a tambayi majinyacin tun farko, "Baba, in sakamako ya fito, kai za a gaya wa ko akwai wanda ka wakilta?" In ya ce a gaya wa babban ɗansa, shi ke nan, zaɓinsa ne.

Maganar sa hannun miji ta fi ciwo. Dokar da na ambata da majinyaci take magana, kuma mace baliga mai hankali ita ce majinyaciyar. Amma a aikace asibitoci da yawa ba sa shiga da mace tiyatar haihuwa sai miji ya sa hannu, ko don gudun rigima in abu ya ɓaci, ko don shi ne zai biya. In yana kasuwar ƙauye ko yana Legas wayarsa a kashe, sai a zauna jira, jini na zuba. Duk ungozomar asibiti da ta daɗe a aiki tana da irin wannan labari. Ba ina cewa a ture miji gefe ba, shawara da iyali abu ne mai kyau kuma yawancin mata suna so. Amma shawara daban, sharaɗi daban. Kuma a halin gaggawa na rai da mutuwa, inda majinyaci ba ya cikin hayyacinsa kuma ba wakili kusa, ƙa'ida ta ba likita damar ceton rai ba tare da jiran kowa ba. Sashe na 20 na dokar ma ya haramta ƙin ba da agajin gaggawa bisa kowane dalili, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun.

Likitoci kuma suna da nasu uzurin, kuma ba na raina shi. Wanda ya kwana a kan kira, ya wayi gari da layin kati har waje, abokan karatunsa rabi suna Ingila da Saudiyya, ka ce ya zauna ya yi wa kowa bayanin minti goma, zai ce maka ka zo ka gwada. A Abuja aka taru a 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, gwamnatin tarayyar da ta karɓi baƙuncin taron ba ta taɓa cikawa ba. Ƙarancin ma'aikata yana cin ɗa'a kamar yadda gara take cin azara, a hankali, daga ciki. Majalisar Likitoci ta Ƙasa, MDCN, tana da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa da ke iya dakatar da likita ko soke lasisinsa, amma mutumin ƙauye bai san da ita ba, in ma ya sani zai ce ƙaddara ce, ya bar wa Allah.

Duk da haka akwai abubuwan da ba sa jiran kasafi. Fassara takardar amincewa zuwa Hausa, da boko da ajami, aikin mako guda ne ga kowane asibiti, in aka sa masu harshen suka zauna da likitoci suka warware irin matsalar "gwaji" da "bincike". Ana iya naɗar bayanin manyan ayyukan tiyata a murya, mai jinya ya saurara a waya yana jiran layi. Bayanin tiyatar haihuwa kuma wurinsa awon ciki ne, tun mace tana wata shida tana zaune lafiya, ita da mijinta su ji, su yi tambaya, a rubuta matsayarsu a kati, don kada a fara neman mai sa hannu ƙarfe biyun dare. Sannan a makarantun likitanci a riƙa jarraba ɗalibi a kan yi wa tsohuwa bayanin ciwonta da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri, kamar yadda ake jarraba shi a kan sunayen jijiyoyi. Likitan da ya yi shekara shida yana koyon ciwo da Turanci, sau da yawa shi kansa bai san sunan abin da harshen uwarsa ba.

Shekaru bayan wancan dare na tambayi ƙanwata ko ta san abin da aka sa wa hannu a kanta. Ta yi dariya ta ce ina fa, ita dai ta ga ana tura gado. Na ce da an tambaye ki fa? Ta ce, "Yaya, cewa zan yi a yi mana, ai na gaji. Amma da na tambaye su ko zan iya sake haihuwa da kaina." Wannan tambayar ta riƙe ta a ciki shekara biyu, tana tsoron ɗaukar wani cikin, har sai da wata nas a wurin awo ta zaunar da ita ta amsa mata.